Gafarar Allah da Bashin Bayi: Tsokaci Kan Waƙar Amazing Grace

Cikin dukkan waƙoƙin ibada da mabiya addinin Kirista ke rerawa a duniya, da wuya a sami wadda ta kai Amazing Grace shahara. Ma'anar sunan da Hausa ita ce Alheri Mai Ban Al'ajabi, kuma jigonta guda ne, wato gafarar zunubi: mutum ya ɓata, ya yi nisa, bai cancanci komai ba, amma Ubangiji ya jawo shi ya karɓe shi kyauta. Ana rera ta a coci, ana rera ta wurin jana'iza, sojoji na busa ta, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba sun san karinta. To, duk inda waƙar nan ta je akwai wani ɗan labari da ke biye da ita kamar jela, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin a ganina an daɗe ana shafa masa zuma, zumar kuwa tana rufe haƙƙin wasu bayin Allah.

Ga yadda ake bayar da labarin. Wai marubucin waƙar, wani Baturen Ingila mai suna John Newton, mugun kyaftin ne na jirgin bayi. Wata rana guguwa ta rutsa da shi a tsakiyar teku, ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ya kira Ubangiji, aka tsamo shi. Nan take ya tuba, ya watsar da fataucin mutane, wasu ma har sukan ƙara gishiri su ce ya juya jirgin ya mayar da bayin gida, sannan ya zauna ya rubuta waƙar yana hawaye. Labari ne mai daɗin ji, mai sauƙin sakawa cikin wa'azi. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, abin da ya ƙure wannan ramin kuwa shi ne rubutun Newton ɗin da kansa, domin mutum ne mai ajiye littafin tafiya da wasiƙu, kuma duk suna nan har yau.

Bari mu bi shekarun ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci. An haifi Newton a Landan a 1725. Guguwar gaskiya ce, ta same shi a watan Maris na 1748 cikin jirgin Greyhound, kusa da gaɓar ƙasar Ayalan. Amma a lokacin shi ba kyaftin ba ne, jirgin kuma kayan fatauci ya ɗauko irin su zinariya da hauren giwa da kakin zuma. Bayan ya tsira, ya fara addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, aikin farko da ya karɓa shi ne mataimakin kyaftin a jirgin bayi mai suna Brownlow, wanda ya kwashi mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma ya kai su birnin Charleston na Amurka a 1749. Daga nan likafa ta ci gaba. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana kyaftin, ɗaya a jirgin Duke of Argyle, biyu a jirgin African. Ashe ke nan duk shugabancin da ya yi a wannan mugunyar sana'a bayan guguwar ya yi shi.

Littafin tafiyarsa ya nuna yadda rayuwa take a jiragen. Mutanen da ya saya da lamba yake rubuta su, in ɗaya ya mutu sai ya rubuta cewa lamba kaza ta mutu. A ƙarshen 1752, da ya sami labarin bayin na shirin bore, ya sa aka ɗaure wasu yara, aka matse musu manyan yatsu da wani ƙarfe na azabtarwa don su tona asirin manya. Shi ɗin dai ne yake tara ma'aikatan jirgin ran Lahadi su yi addu'a a sama, alhali a ƙarƙashin ƙafafunsu mutane ne jibge cikin mari. Sannan ba nadama ce ta raba shi da teku ba. Wata farfaɗiya ce ta buge shi a 1754 ana dab da tashi wata tafiyar, likita ya hana shi, ya koma aikin kwastan a Liverpool. A 1764, shekarar da ya zama limamin coci a ƙauyen Olney, ya buga tarihin rayuwarsa, inda ya yi ta kuka da saɓonsa na dā, da zagi, da shashanci, da izgili ga addini. Da ya zo kan fataucin bayi kuwa, cewa ya yi a lokacin bai taɓa jin ɗar game da halaccinsa ba, har ya ambaci irin daɗin ibadar da ya ji a tafiye-tafiyensa na ƙarshe.

Ita kanta waƙar an rubuta ta ne don wa'azin sabuwar shekara, ranar 1 ga Janairu 1773, wato shekara 25 bayan guguwar. Ya gina wa'azin a kan addu'ar Dawuda da ke cikin 1 Tarihi sura 17, inda Dawuda ke mamakin yadda Ubangiji ya ɗaukaka shi alhali shi ba kowa ba ne. An buga ta a 1779 cikin kundin waƙoƙin Olney, wanda Newton ya haɗa da abokinsa mawaƙi William Cowper, mai waƙoƙi 348. Baiti shida ce. Duk wanda ya san nazarin waƙa ya zauna ya tsefe baitocin nan, zai ga daga farko har ƙarshe mutum biyu ne kawai a ciki: mai waƙar da Ubangijinsa. Babu jirgi, babu sarƙa, babu Afirka, babu yaron da aka matse wa yatsa. Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, shekara 15 bayan waƙar, sannan Newton ya fito fili ya buga ƙasidar da ya la'anci fataucin bayi ya amsa laifinsa a ciki.

Hatta karin waƙar bai tsira daga ƙarin gishiri ba. Akwai masu cewa daga bakin bayin ya ji shi suna nishi a cikin jirgi, kuma a kan wannan zato ne Jeta Amata ya gina fim ɗinsa na 2006 da ya kai Newton Kalaba. Newton kalmomi kawai ya rubuta. Karin da duniya ta sani yau, wanda ake kira New Britain, an haɗa shi da kalmomin ne a Amurka a 1835 cikin littafin waƙoƙin William Walker, shekara 28 bayan Newton ya mutu. Ka ga an ƙwace wa bayi 'yanci, an ƙwace musu suna, yanzu kuma ana so a ce da bakinsu suka ba wanda ya ɗaure su kyautar waƙa.

Na san abin da masu kare shi za su ce: ai ɗan zamaninsa ne, a lokacin kowa na ganin abin halas ne. Wannan uzuri bai karɓu ba, don a cikin Kiristoci 'yan'uwansa akwai waɗanda suka ga haramcin tun da wuri. Tun 1688 wasu 'yan ɗariƙar Quaker a Germantown ta Amurka suka rubuta takardar ƙin bauta. A watan Yuni na 1772, wata shida kafin a rera waƙar, kotu a Landan ta yanke hukunci a shari'ar James Somerset cewa ubangidansa ba shi da ikon fitar da shi daga Ingila da ƙarfi, maganar da ta cika ƙasar. A 1774 John Wesley, wanda Newton ya sani har suna musayar wasiƙa, ya buga littafinsa na sukar bauta. Wesley bai taɓa riƙe jirgin bayi ba amma ya yi magana. Wanda ya san cikin jirgin ciki da bai, wanda shaidarsa ta fi ta kowa nauyi, shi ya yi gum har wasu shekara 14, jirage kuwa ba su daina tashi daga Liverpool da Bristol ba.

Kada wani ya ɗauka addinin Kirista nake suka, ko ina musun abin da suka yi imani da shi na cewa gafarar Ubangiji kyauta ce da ba a saye da aiki. Hujjata ma daga littafinsu na ɗauko ta. A Bisharar Luka sura 19 akwai labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi arziki da zaluntar mutane. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, a nan ne aka shaida cewa ceto ya shigo gidan. A Bisharar Matiyu sura 5 kuma an umarci wanda ya kawo baiko gaban bagade, in ya tuna ɗan'uwansa na da wata ƙullalliya da shi, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. To, in baiko zai jira a shirya da ɗan'uwa, ina ga waƙa?

Malamansu ma sun ga wannan haɗarin. Dietrich Bonhoeffer, limamin cocin Jamus wanda gwamnatin Hitler ta rataye a watan Afrilu na 1945, ya rubuta littafi a 1937 inda ya yaƙi abin da ya kira alheri mai arha, yana nufin wa'azin gafara da ba ya neman tuba ko canjin hali daga kowa. Ya rubuta shi ne yana kallon coci-cocin ƙasarsa cike da masu rera waƙoƙin gafara ran Lahadi, ran Litinin kuma su kau da kai daga abin da ake yi wa maƙwabtansu Yahudawa.

Harshenmu ya sauƙaƙa mana fahimtar wannan. Bahaushe na neman gafara wurin Ubangiji, amma wanda ya taka sai ya je ya ce masa "ka yafe ni", kuma ya san akwai abin da ake kira haƙƙi, wanda ba ya faɗuwa don kawai mai laifi ya ji sanyi a ransa. Waƙar Newton ta yi maganar gafara, ta yi ta da kyau. Labarin da ake liƙa mata shi ne ke son ya nuna cewa da gafarar da yafiyar da biyan haƙƙin duk sun auku a dare ɗaya cikin guguwa. Wa ya tambayi mutanen da aka sauke a Charleston da Antigua ko sun yafe? Wa ya san sunan ko da ɗaya daga cikinsu?

Abin da ya sa ban ɗauki wannan a matsayin ƙaramar gardamar tarihi ba shi ne, irin wannan lissafin ne ƙasa guda ta yi. Majalisar Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807, ta soke bautar kanta a yawancin ƙasashen da take mulka da dokar 1833. Aka ware fam miliyan 20 na diyya. Wa aka biya? Iyayen gijin bayin, saboda wai sun yi asarar dukiya. Bayin, su wajen 800,000, ko kwabo ba su samu ba, aka ma tilasta wa mafi yawansu ci gaba da yi wa iyayen gijin nasu aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila ita kanta ta gaji gandayen rake na Codrington a tsibirin Barbados tun 1710, kuma akwai lokacin da ake yi wa bayin gandun tambari a ƙirji da ƙarfe mai zafi, ana rubuta kalmar da ke nuna na ƙungiyar ne. Sai a 2006 babban taron cocin ya nemi afuwa, sai a 2023 hukumar da ke kula da dukiyarsa ta yi alkawarin fam miliyan 100 saboda alaƙar asusunta da fataucin bayi. A duk tsawon shekarun nan ba a fasa rera waƙoƙin gafara ko Lahadi ɗaya ba.

Akwai wata hujja da ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba zan yi mata kwana ba. Za a ce: ai jikokin bayin ne suka fi kowa rungumar waƙar, in su ba su ga aibinta ba, kai wane ne? Gaskiya ne. Tun 1852 Harriet Beecher Stowe ta sa ta a bakin bawa Tom cikin littafinta Uncle Tom's Cabin. Mahalia Jackson ta rera ta, Aretha Franklin ta naɗe ta a wani coci a Los Angeles a 1972. Sai dai wanda aka zalunta in ya ce ya ɓata an tsinto shi, yana maganar tsira daga sarƙa da bulala da wulaƙanci ne, abin da ya sha da jikinsa. Sun ɗauki waƙar sun zuba mata tasu ma'anar, kuma haƙƙinsu ne. Wannan bai zama rasiɗin biyan bashin da ake bin wasu ba.

Dubi abin da ya faru a Charleston, garin da Newton ya sauke bayi a 1749. Akwai wani tsohon cocin baƙar fata a can mai suna Emanuel, wanda aka ƙona a 1822 bayan an rataye ɗaya daga cikin jagororinsa, Denmark Vesey, bisa zargin shirya boren bayi. Ranar 17 ga Yuni 2015 wani saurayi farar fata, Dylann Roof, ya shiga cocin, aka karɓe shi, ya zauna da su wajen nazarin Littafi Mai Tsarki, sannan ya zaro bindiga ya kashe mutum tara. Bayan kwana biyu wasu daga cikin iyalan mamatan suka tsaya a kotu suka ce sun yafe masa. Ranar 26 ga wata Shugaba Barack Obama ya rera Amazing Grace wurin jana'izar limamin cocin, Clementa Pinckney. Duniya ta yi ta tafi, kuma wallahi abin a jinjina wa iyalan ne. Amma da yawa daga masu tafin sun tsallake abubuwa uku. Ba dukkan iyalan ne suka ce sun yafe ba. Shi makashin bai nemi yafiya ba, bai kuma nuna nadama ba. Yafiyar kuma ba ta tsayar da shari'a ba, an yanke masa hukuncin kisa a 2017. Yafiya kyauta ce daga hannun wanda aka cuta, in ya ga dama ya bayar, in ya ga dama ya riƙe. Da zarar 'yan kallo sun fara jiran ta kamar haraji, har suna ganin baƙin wanda ya ƙi, to an ɗora wa mai rauni kaya na biyu.

Mu ma marubuta da masu karatun wannan shafi kada mu yi saurin nuna yatsa, laifi tudu ne. Littattafanmu nawa ne ke ƙarewa da muguwar kishiya ko azzalumin kawu, wanda ya shafe littafi na ɗaya da na biyu da na uku yana gasa wa marainiya aya a hannu, sai a shafi na ƙarshe ciwo ya kwantar da shi, ya fashe da kuka ya ce a yafe masa, ita kuma ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, shi ke nan an tashi? Gadon da ya cinye fa? Karatun da ya hana ta fa? Shekarunta da suka salwanta fa? Marubuci bai ce uffan ba, don ya gaji yana so ya rufe littafi. Wannan ita ce dai tatsuniyar Newton da aka sa wa zane da kallabi, kuma tana koya wa mai karatu cewa hawayen azzalumi sun fi asarar wanda aka zalunta daraja.

Abin takaicin shi ne labarin Newton na gaskiya ya fi na ƙaryar amfani. A 1785 William Wilberforce, yana matashin ɗan majalisa, ya je wurinsa yana tunanin barin siyasa, Newton ya ba shi shawarar ya zauna ya yi aiki daga ciki. A ƙasidarsa ta 1788 ya bayyana yadda ake jera mutane a cikin jirgi, da yadda ake cin zarafin mata, da yawan masu mutuwa a hanya, ya amsa cewa da hannunsa a ciki, ya kuma yarda da bakinsa cewa furucin nasa ya zo a makare. An raba ƙasidar ga 'yan majalisa, shi kuma ya je ya ba da shaida a gaban hukuma. Ya mutu a watan Disamba na 1807, wata tara bayan dokar haramta fataucin. Wannan shi ne ɗan abin da ya biya daga bashin, kuma ya biya shi ne da tona wa kansa asiri a bainar jama'a yana dattijo mai mutunci. Shi bai taɓa da'awar cewa guguwa ta wanke shi a dare ɗaya ba, har ya rubuta cewa bai ɗauki kansa cikakken mai bi ba sai bayan wani lokaci mai tsawo. Masoyansa ne suka yi masa kwalliyar da bai nema ba.

Don haka kirana ga masu wa'azi da mawaƙan bishara da masu shirya fim, da duk wanda zai tsaya gaban jama'a ya gabatar da wannan waƙa: a rera ta, ba wanda ya ce a daina, amma in za a ba da labarinta a bayar da shi da shekarunsa. A faɗi 1748, a faɗi 1754, a faɗi 1773, a faɗi 1788, a bar mai sauraro ya ƙirga tazarar da kansa. A gaya masa mutum na iya yin addu'a safe da yamma yana kan zalunci bai gani ba, tunda an yi wanda ya shekara 40 kafin ya furta. Masu tsara sababbin waƙoƙin gafara kuma, cikin baitoci goma da ake yi wa mai zunubi albishir, a sami ko da ɗaya da zai tura shi ƙofar gidan wanda ya cuta, da abin da ya ƙwace a hannunsa, yadda Zakka ya yi.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun muna da sauran numfashi.